Littafin kuɗin Auta: daga Sakkwato zuwa Alƙahira

14 ga Oktoba, 2023

Yau na sayi littafi mai shafi 80 a shagon da ke bakin makarantarmu, na raba kowane shafi gida biyu da jan biro: hagu naira, dama fam ɗin Masar. Aikin da na ɗora wa kaina ke nan daga yanzu har shekarar karatun nan ta ƙare. Ina so in san duk kwabon da ke fita daga gidan nan zuwa Alƙahira, in san inda ya faɗa a can, kuma in tara wa Auta kuɗin wata uku da ba za a taɓa ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Auta ƙanena ne, yana shekara ta biyu a Jami'ar Azhar, ɓangaren Shari'a da ke Darrasa. Bai samu ɗaki a Madinatul Bu'us ba, inda ɗaliban ƙasashen waje da yawa ke zama, don haka su biyar suka kama haya a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasar. Tun rasuwar Baba hidimarsa ta dawo kan abu uku: naira 25,000 daga albashina na koyarwa, 25,000 daga Kawu, sai hayar shagon Baba na Tsohuwar Kasuwa, wadda idan aka raba ta wata-wata take kamawa 20,000. Dubu 70 ke nan.

A da masu 'ya'ya a waje kan bi ta Fom A, takardar neman dalar karatu a banki, su samu dala a farashin gwamnati, wajen naira 460. Tun da Babban Banki ya haɗe farashin canji a tsakiyar Yunin bana wannan sauƙi ya tafi, kafin Satumba ta ƙare kuma dala ta ƙetare naira 1,000 a hannun 'yan canji. Katin banki na naira ba ya fitar da kuɗi a waje. Abin da muke yi shi ne in tura naira a asusun wani Bahaushe ɗan kasuwa da ke zaune a can, shi kuma ya ƙirga wa Auta fam a hannu. Wannan makon ya ba ni fam ɗaya a kan naira 27.

Na tambayi Auta nawa ke isarsa a wata. Ya ce fam 2,500, har da saura. Na rubuta 67,500 a hagu, 2,500 a dama. Na ce masa daga yau ko shayi ya saya ya rubuta, duk Juma'a ya ɗauko hoton takardar ya turo mini ta WhatsApp. Ya ce, "To, Yaya."

5 ga Nuwamba, 2023

Juma'a uku sun wuce, takarda ɗaya kawai na gani, ita ma an rubuta ta tsaf da biro ɗaya a zama ɗaya, kowane lissafi ya faɗa daidai kan ɗari-ɗari. Shekara tara ina duba littattafan yara, na san aikin da aka yi da daddare don a nuna wa malama.

Jiya na kira shi ta bidiyo bayan isha'i, ban gaya masa zan kira ba. Yana zaune a kan katifa, gabansa faranti da gurasa biyu irin tasu ta aish baladi, da kofin shayi ba madara. Wuyan rigarsa, wadda na ɗinka masa da sallar bara, ya yi masa yawa har ƙashin wuyansa ya fito. Na ce abincin dare ke nan? Ya ce ya ci da rana. Wani abokin zamansa ya wuce ta bayansa, ya gaishe ni, ya kalli Auta, ya sunkuyar da kai. A nan na gane.

Ban yi masa faɗa ba. Na ce, "Auta, ni ce na goya ka. Idan ka ɓoye mini, wa za ka gaya wa?" Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya fara. Haya kasonsa fam 900. Abinci, idan za a ci sau biyu a ƙoshi, 1,400. Mota zuwa Darrasa da dawowa 350. Waya da intanet 200. Gas da wuta da ruwa 150. Littattafan darasi da buga takardu 300. Jimla 3,300. Wato kowane wata akwai ramin fam 800, kuma da bashi da yunwa yake cike shi. Abokan zamansa na binsa 1,500, mai shagon ƙasan bene na binsa 600.

Ya ce ya san halin da gida ke ciki tun da aka cire tallafin mai, ya san ana rufe da iyakar Illela tun bayan juyin mulkin Nijar kuma kasuwar Kawu ta tsaya, shi ya sa ya ga bai kamata ya ƙara mana kaya ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma akwai abin da haɗiye shi cuta ce. Yaran da muke turawa waje sun tafi da kunyar gida, kuma wannan kunya ita ce ke fara cin jikinsu kafin tsadar kaya ta ci. Na soke 2,500 da layi ɗaya, na rubuta 3,300 a samansa. A naira 28 ya kama 92,400. Muna da 70,000.

Inna na zaune a kan tabarma tana jina. Da na kashe wayar ta ce, "Mi yac ce? Shina cin abinci kuwa yaron ga?" Na ce zai riƙa ci daga yau.

17 ga Disamba, 2023

Abu biyu na yi a watan jiya. Na ƙara kasona zuwa 40,000, na daina hawa keke zuwa makaranta da safe, ina fita da wuri in taka daga Mabera. Na kuma shiga adashin malaman makarantarmu, mu goma, dubu ashirin-ashirin. Ɗauka ta shida ce tawa, sai Afrilu. Don in iya zubi sai da na sayar da tunkiya ɗaya, na bar ɗan ragonta ina kiwo.

Na uku kuwa shawarar Auta ce, kuma ta fi tawa kyau. Yana da kyakkyawan karatu, ya yi tajwidi a gaban malamai a can. Ya ce in nemo masa yara a nan da zai riƙa yi wa karatu ta waya, iyayensu su biya naira a asusuna. Ba sai kuɗin sun ƙetare ruwa sau biyu ba. Na samo yara huɗu, 'ya'yan abokan aikina, kowanne 4,000 a wata, kwana uku a mako bayan magariba. Masar tana gabanmu da awa ɗaya a wannan lokaci, ya riga ya dawo daga karatu ya yi sallah. Dubu 16 sun shigo. Yanzu muna da 101,000.

Takardun Juma'a sun fara zuwa da datti, da soke-soke, da biro kala biyu. Waɗannan na yarda da su. A ciki na ga sun koma tukunya ɗaya su biyar, kowa da ranar girkinsa, suna sayen shinkafa da taliya da mai a dunƙule. Na ga ful da ta'amiyya da safe, wato wake da ƙosansu, koshari sau ɗaya a mako. Na ga bargo fam 450, wanda ban sa a lissafi ba don ban san sanyin Alƙahira yana shiga ƙashi haka ba. Na ga sukari ya yi wuyar samu, albasa ta yi tsada har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da ita waje tun Oktoba. Da na karanta wa Inna wannan sai ta riƙe haɓa, don ita a saninta albasa abar da ake jibgewa ce a gonakin Goronyo da Wurno. Hauhawar farashi a biranen Masar ta kai kashi 38 cikin ɗari a Satumba. Mu da ke nan muna ganin kamar mu kaɗai wuta ke ci.

An biya mai shago 600 ɗinsa.

3 ga Fabrairu, 2024

Wannan watan na koyi abin da da na san shi tun farko da na rage fargaba. Kullum idona na kan dala: ta hau, gabana ya faɗi. Ashe ni ba dala nake saye ba, fam nake saye, dala gada ce kawai a tsakani. Naira na faɗuwa, fam ma na faɗuwa, abin dubawa shi ne wa ya fi wani gudu. A banki a can har yanzu dala tana kan fam 31 saura kaɗan, amma a bayan fage ta kai wajen 70 a ƙarshen Janairu. Ga shi dala ta doshi 1,500 a nan, amma mai canjina ya ba ni fam ɗaya a naira 21. Dubu 95 da na tura sun zama fam 4,500 da 'yan kai.

Ba riba ba ce tsantsa, don kayan masarufi a can suna bin wancan farashi na bayan fage, kuma an ƙara kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa a farkon shekara, tikiti mafi araha ya tashi daga fam 5 zuwa 6. Duk da haka an samu rara. Na ce ya biya abokan zamansa.

Ya biya 500 cikin 1,500. Sauran ya tafi da su baje kolin littattafai na Alƙahira da ake yi a ƙarshen Janairu, ya sayo littattafan fiƙihu da nahawu na fam 700. Ya rubuta a takardar, bai ɓoye ba, har da sunan kowane littafi da kuɗinsa. Raina ya ɓaci da na gani, na kwana ban ba shi amsa ba. Da safe na sake duba hoton da ya turo, ya jera su a kan katifa, ya rubuta sunan Baba a shafin farko na babban cikinsu. Karatu ya kai shi ƙasar, kuma a wannan baje koli ne ake samun rangwamen da ba a samu a shago. Abin da na ce masa kawai shi ne mai bin ka bashi shi ma ɗan wani ne, shi ma akwai wata yaya a wani gari da ke takawa a ƙasa dominsa. Na buɗe sabon layi a littafina: littattafai, fam 100 duk wata, a ajiye har baje kolin baɗi.

22 ga Fabrairu, 2024

Dala ta haura 1,800. Kawu ya zo da la'asar, ko zama bai yi sosai ba ya ce in nemi rance ko ina ne in sayi dala yanzu, kafin azumi za ta kai 2,500. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan ci bashi in sayi kuɗi ba." Bai ji daɗi ba. Fam ya koma naira 30. Na kasa barci, na yi ta buga lissafi a bayan littafin har aka kira assalatu.

8 ga Maris, 2024

Shekaranjiya Laraba Babban Bankin Masar ya saki fam, a yini ɗaya dala ta tashi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a banki. Tun kafin nan farashin bayan fage ya fara saukowa, bayan yarjejeniyar dala biliyan 35 da suka ƙulla da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan yankin Ras al-Hikma. Yanzu farashin biyu sun haɗe. Ga ƙasarsu wataƙila gyara ne. Ga littafina kuwa ana kukan targaɗe sai ga karaya: fam ɗaya naira 33. Buƙatar Auta ta wata ta kai fam 3,600, wato 118,800. Muna da 101,000.

Abu ɗaya ya kwantar mini da rai. Tun da banki da kasuwa sun zama ɗaya, duk ranar da dala ta shiga hannunsa zai shiga banki da fasfonsa ya canza, ya karɓi rasit. Canjin bayan fage laifi ne a dokar Masar, kuma baƙo a ƙasar mutane shi ne farkon wanda ake kamawa. Na daɗe ina jin tsoron wannan ban faɗa ba.

29 ga Maris, 2024

Azumi ya ɗauke mana rabin kuɗin abinci. Yana buɗa baki a Masallacin Azhar, inda ake ciyar da dubban ɗaliban ƙasashen waje kowace rana, wani lokaci kuma a teburan da masu hali ke shimfiɗawa a bakin titi, waɗanda suke kira ma'idatur Rahman. Allah ya saka wa mutanen nan. Abinci ya sauko daga 1,600 zuwa 800, ramin watan ya cike da kansa.

An buɗe iyakar Illela daga ɓangarenmu a tsakiyar watan nan. Kawu ya fara murmushi.

20 ga Afrilu, 2024

Na ɗauki adashi, 200,000, kuma Allah ya sa ya zo a kan gaɓa. Naira ta farfaɗo, a makon bayan sallah na sayi dala 150 a kan 1,130, kuɗin ya kama 169,500. Da na bi maganar Fabrairu da dala 90 da ɗoriya wannan kuɗi zai saya, ga bashi a wuya. Ba wayona ba ne, ni ma ban san za ta sauko ba. Abin da na sani kawai shi ne ba ni da kuɗin a lokacin. Ban tayar wa Kawu da zancen ba, shi ma bai tayar ba, amma ya ƙara dubu 5 a kasonsa.

Wani maƙwabcinmu zai kai mahaifiyarsa asibiti a Alƙahira, za su tashi daga Kano. Ya yarda ya riƙe mana kilo biyar. Jiya da dare Inna ta baje tabarma a tsakar gida, ta jera kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin da ta daka da hannunta, da garin kunu. Kowanne sai ta ƙulle shi a leda biyu, ta matse iskar da tafin hannu, ta ɗora a sikelin da muka aro daga mai awo. Da ya haura kilo biyar da kaɗan na ce a rage daddawa, ta ture hannuna, ta cire garin kunu. Ta ce kunu ana iya haƙura da shi, miya ba daddawa kuwa ba miya ba ce. Dalar na sa ta a ambulan, na rubuta a baya: ba ta haya ba ce, ba ta abinci ba ce, ta ciwo ce da takardun zama.

Daga ragowar adashin na tura 24,000, fam yana naira 24, ya kama 1,000 cif. Bashin abokan zama ya ƙare.

9 ga Yuni, 2024

Mai gidansu ya ƙara haya, kason Auta ya tashi daga 900 zuwa 1,300. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutane suka yi ta kwarara Alƙahira, gidaje suka yi wuya. Ba na ganin laifin wanda ya gudo da ransa. Cikin 'ya'yanmu ma akwai waɗanda aka kwaso daga Khartum ta iyakar Masar, karatunsu ya katse, wasu har yau suna gida. Su biyar ɗin sun duba wasu unguwannin, duk wanda ya fi araha ya fi nisa, kuɗin mota ya cinye bambancin. Sun yanke shawarar ƙara mutum na shida. Kaso ya dawo wajen 1,085.

Karatun yara ya ɗan rikice. Masar ta tura agogonta gaba a ƙarshen Afrilu, tazarar ta zama awa biyu, ga ɗauke wuta da ake yi musu kullum, intanet ɗin gidan na mutuwa tare da ita. Uwa ɗaya ta cire ɗanta. Mun mayar da darasin Asabar da Lahadi da safe. Ga jarrabawa kuma, na ce ya dakatar da komai har ya gama, ni zan ji da iyayen.

Ragon da na yi kiwo ya cika ido. Gobe ɗan Kawu zai kai shi Kasuwar Kara, sallah saura mako ɗaya.

11 ga Agusta, 2024

An sayar da ragon 185,000. Na cire kuɗin dusa da harawa da na ranta, na sayi dala 80 na ajiye a nan.

An taɓa ambulan. Haƙori ya hana shi barci kwana uku, kuma a rana ta farko ya kira ni ya faɗa. Wannan na rubuta shi a littafi da babban baƙi duk da ba lissafi ba ne. Ya canza dala 40 a banki, ya ga likita, ya sayi magani, ya turo rasit uku. Wata dala 30 ta tafi wajen sabunta takardar zama da hotuna da zirga-zirgarta. Saura 80 a can, 80 a nan.

An ƙara kuɗin mai a Masar a ƙarshen Yuli, motocin haya suka bi. Tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi araha ya koma fam 8 daga farkon watan nan. Dala ta koma wajen 1,600, fam naira 33. Bai zo hutu ba, kuɗin jirgin sama ba namu ba ne bana. Inna ta ji zafin wannan fiye da komai. Ya ci jarrabawa da jayyid jiddan, wato sakamako mai kyau ƙwarai, ita ce ta fara kai labarin gidan Gwaggo.

28 ga Satumba, 2024

Na zauna na haɗa shekarar. Buƙatar wata yanzu fam 4,100 ce: haya 1,085, abinci 1,750, mota 480, waya 250, gas da wuta 200, takardu da ajiyar littattafai 335. A naira 34 ta kama 139,400. Abin da ke shigowa: ni 45,000, Kawu 30,000, shago 25,000 tun da aka sabunta haya, yaran karatu bakwai 35,000. Jimla 135,000. Akwai ramin 4,400, kuma wannan karon mu biyun mun san da shi.

Ajiyar wata uku da na yi niyya ba ta cika ba. Dala 160 ce, kusan wata biyu. Ba a bin sa ko fam ɗaya. A akwatinsa akwai fam 800 na baje kolin Janairu.

Na sake shiga adashi, wannan karon na roƙi ɗauka ta uku don ta faɗo a Disamba, lokacin sanyi da jarrabawar zango na farko. Kawu ya yi alkawarin ɗan rago daga Illela. Wata abokiyar aikina da ɗanta zai tafi Alƙahira a wata mai zuwa ta zo jiya ta nemi in nuna mata yadda na raba shafukan, muka zauna a zaure har magariba, ta kwafe layukan da hannunta, na ba ta hoton takardar Auta ta Disamba, mai soke-soken nan, ta nuna wa yaron.

Littafin saura shafi huɗu. Litinin zan sayi wani, in tura kuɗin Oktoba ranar Laraba idan albashi ya shiga.